Anini Uku a Rigar Saje

A gidan Saje akwai kalmar da ba a faɗa. Ba zagi ba ce, kowane tela a kasuwa yana faɗarta kafin ya karya kumallo. Kalmar ita ce anini. In abin da ke rufe gaban riga kake nufi, to maɓalli za ka ce. Anini, in ji Saje, tauraron ƙarfen nan ne da hafsoshi ke ɗorawa a kafaɗa, wanda mutum zai sha rana da tsawa shekara da shekaru kafin a ba shi guda ɗaya, don haka ba a gidansa za a mayar da shi abin ɗinkawa a wandon yara ba. 'Ya'yansa sun kiyaye. Maƙwabta ma sun koya, har masu zuwa aron allura. Matarsa kaɗai, Inna, ta ƙi koyo. Ko yaushe ta ce a miƙo mata anini, daga inda yake zaune zai ce "Maɓalli," ba tare da ya ɗago kai ba, ita kuma ta ce to, gobe ta sake.

Ya shiga soja yana saurayi da almakashi a aljihu, domin ɗinki ya fara koya. An kai su yaƙi wata ƙasa mai nisa, ya dawo da tabo a ƙauri da kunne ɗaya da ba ya jin magana sai ta tsawa. Wannan labarin ba ya bayarwa. Amma ka taɓo masa zancen kaki, to ka nemi wurin zama. Yawancin aikinsa a ɗakin ɗinki na bariki ya yi shi, tsakanin keke da dutsen guga da warin sitaci. Ya san faɗin yatsu nawa ne tsakanin kafaɗa da igiya, ya san ɓangaren da hula ke karkata, ya san wace minda ce ke gaba da wace in an jera lambobin yabo a ƙirji. Daga nesa yakan dubi soja ya faɗi rundunarsa da muƙaminsa, har ya ƙara da cewa ba matarsa ce ta yi masa guga ba. Sababbin hafsoshi sukan lallaɓo ta ƙofar baya kafin fareti ya duba su, ya gyara musu aninin da suka sa a karkace, su fita, ya ƙame ya sara musu. Shi kuwa a igiya uku ya tsaya har ya yi ritaya.

Ritayar ba ta hutar da kowa ba. Masu wasan kwaikwayo sukan zo neman shawara, su koma da ciwon kai. In aka nuna soja a talabijin da hula a baibai, kashe akwatin yake yi, sai dai yara su je maƙwabta su ga ƙarshen labarin. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu gadi. Saje ba ya iya wuce ƙofar kanti ya ga mutum da igiyar kofur a hannu, aninin hafsa a kafaɗa, da lambar 'yan kwana-kwana a hula. Zai tsaya ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya tambaye shi wace runduna ce wannan, domin shi dai bai taɓa jin labarinta ba.

Babbar 'yarsa ita ta gaje shi, ba a ɗinki ba, a ido da zuciya. Tun tana ƙarama ya sa mata suna Samanja, wai a duk gidan ita kaɗai ke ba shi oda ya bi, kuma samanja yana sama da saje. Sunan ya bi ta har asibitin da take shugabantar masu jinya, inda ake cewa in ta shigo ɗaki har marasa lafiya gyara kwanciya suke yi.

Da Saje ya rasu, ƙungiyar tsofaffin sojoji ta aiko shugabanta, wani tsohon kofur amininsa, ya roƙi a ba su rigar faretinsa. Sun sa kafinta ya yi akwatin gilashi, za su ajiye ta a ɗakin taronsu, su kira mutane a yi masa addu'a a tuna da shi. Inna ta buɗe akwatin ƙarfen da rigar ke ciki, warin kafur ya cika ɗakin, ta ga zare ya ruɓe, maɓallai uku sun zube a ƙasan akwatin. Idonta ba ya ganin kafar allura yanzu. Ta tsince su ta ƙulle a ƙyalle, ta sa a aljihun rigar, ta kira autanta.

Auta magidanci ne mai shagon sayar da wayoyi, ya ajiye tumbi da 'ya'ya huɗu, amma har yanzu da rabin kunne yake sauraron mutane, sauran yana kan waya. Inna ta ce ya kai wa tela a sa mata anini uku, suna cikin aljihu. Rabin farko ya ji. Ya ɗauki rigar ya kai wa telan bakin bariki, wanda ake kira Sai-gobe saboda abin da yake faɗa wa duk mai zuwa karɓar ɗinki. Ya miƙa masa rigar soja, a bakin bariki, ya ce a sa anini uku. Kuma a duk tarihin shagon, wannan ne aikin da Sai-gobe ya gama a ranar da aka kawo shi.

Ana gobe taron, Samanja ta biyo da safe daga wurin aiki don ta goge rigar da hannunta, domin ba ta yarda da gugar kowa ba. Ta shiga ɗakin mahaifinta. Komai yana inda ya bar shi, keken ɗinki a rufe da tsohon bargo, almakashi a ƙusa, takalman fareti a gefe suna sheƙi. Rigar na rataye a jikin ƙofa. A kowace kafaɗa taurari uku suna ƙyalli. Hannuwan rigar kuwa babu komai, sai inuwar igiyoyi a inda rana ba ta koɗar da yadin ba. Gaban rigar yana nan a buɗe, babu maɓallai uku.

Ba ta yi ihu ba. Waɗanda suka san ta sun fi tsoron wannan. Ta ajiye jakarta a kan keke, ta aika a kira mata Auta daga shago, ta tsaya tana kallon rigar har ya iso.

Da farko ya ce laifin tela ne. Da ta tambaye shi ko makaho ne shi lokacin da ya karɓo, sai ya ce ai ya gani, kuma gaskiya ta yi kyau. Ya ce Baba ya yi wa ƙasar nan bauta har kunnensa ya mutu, ya koya wa yaran da aka haifa a gabansa yadda ake sa anini, suka zama manya suna wuce shi a mota ko gilashi ba sa saukewa, to in kuskure ya ba shi abin da hukuma ta hana shi, ina laifi. Ya ƙara da cewa ya riga ya ɗauki hoton rigar ya tura wa mutane, kuma Kofur ya gani.

"Me Kofur ya ce?"

"Ƙamewa ya yi ya sara. Ya ɗauka ƙarin girma aka yi wa Baba bayan rasuwa."

"Kai kuma ka ce masa me?"

"Ban ce e ba, Yaya."

"Ka ce a'a?"

Auta ya dubi wayarsa, wayar kuma ba ta taimake shi ba. Samanja ta gaya masa abubuwa da yawa a wannan safiya, wasu tun na yarinta da ya ɗauka an manta. Ta ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tare masu gadi a titi yana cire musu muƙamin ƙarya, shi za a sa a gilashi da muƙamin ƙarya, a gaban mutanen da suka san ko zaren da ke jikinsa. Ta ce da ransa ba wanda ya isa ya ɗora masa ko allura a kafaɗa, sai da suka ga ba ya iya magana. Ta tambaye shi ina igiyoyin. Bai sani ba. Ko tambayar tela bai yi ba. Igiyoyin nan kuwa Saje da kansa ya yanka ya ɗinka ranar da aka ba shi muƙamin, domin ya ce waɗanda aka raba musu daga sito kamar da haƙori aka yanke su.

Shagon Sai-gobe ɗaki ne ƙarami, rabinsa buhunan ƙyallaye, kakin mutane rataye har rufi, rediyo na ta magana shi kaɗai. Da ya ga mace ta shigo da farin kaya da wannan fuska, kafin ta yi magana ya ce gobe. Ta ce ba ɗinki ta zo karɓa ba. Ta ɗora rigar a kan kekensa.

Bai ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya ce shi a bakin bariki yake, in an kawo masa kaki aka ce anini uku, kyaftin ake nufi, ko jariri aka tambaya a layin nan haka zai faɗa. Kyaftin kuma ba ya ɗaukar igiya, shi ya sa ya farke su. Har alfahari ya yi da cewa ya huda kafaɗun daidai, ko marigayin ya gani ba zai sami abin gyarawa ba. Samanja ta ce marigayin da ya gani, da shagon ne zai buƙaci gyara. Ta tambaye shi ko bai lura gaban rigar a buɗe yake ba. Ya ce ya lura, amma ba a ce ya sa maɓalli ba. Wannan amsa ta ƙara ƙona ta, domin a kan kalmar dai telan yana bayan mahaifinta.

Igiyoyin ba sa cikin buhu. Ta sa shi ya zazzage biyu a ƙasa kafin ya tuna cewa maigadin kantin maganin da ke kwanar titi ya gan su a kan tebur ya roƙa, shi kuma ya ba shi.

Maigadi. A duk mutanen garin, maigadi. Tafiyar da ta yi daga shagon zuwa kwanar, mai kayan miya da ke tura baro sai da ya kauce ya hau kwalbati. Tana tafe tana shirya maganganu, tana ganin igiyoyin mahaifinta a ɗinke a baibai a hannun wani mai gyangyaɗi a kan benci, ƙila ma ɗaya a hannu ɗaya a hula.

Ta same shi tsaye a ƙofar kantin, dogo, siriri, ya fara furfura, da shuɗiyar riga wadda babu komai a jikinta sai sunan kamfaninsu. Ta duba hannun dama, ta duba na hagu. Babu. Shi ya fara gane ta, ya ce 'yar Saje ce, idon ɗaya ne. Ya yi mata ta'aziyya har ƙasa. Ya ce shekarun baya Saje ya tare shi a wannan ƙofar ya sa shi ya cire wata lamba mai fikafikai da ya saya a gwanjo, ya ce masa tun da bai taɓa faɗowa daga jirgi ba, kada ya jawo wa kansa. Daga ranar kullum in zai wuce sai ya tsaya ya gyara masa kwala. Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da igiyoyin a naɗe cikin farin hankici.

"Ban ɗinka ba, Hajiya. Na dai kara ɗaya a hannuna a gaban madubin kanti, sai na ji kamar yana tahowa daga kwanar can. Na mayar aljihu."

Samanja ta karɓa. Ta zo da faɗa cike da baki, ga shi babu inda za ta sauke. Ta yi masa godiya a gajarce kamar shi ya yi mata laifi, ta juya, ta ɗan yi taku, sannan ta dawo ta ce masa kwalarsa ta lanƙwashe ta hagu. Ya gyara yana murmushi. Ita ba ta yi ba.

A gida ta shimfiɗa rigar a kan teburin guga, ta ɗauko reza. A nan Inna ta shigo, ta zauna a bakin gado, ta ce a bar su.

Samanja ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Inna ta maimaita. Ta ce ita ta fara ganin rigar ranar da Auta ya dawo da ita, ta gane kuskuren nan take, ta kuma rufe bakinta da gangan. Ta tuna mata shekarar da aka ce sunan Saje yana cikin waɗanda za a ɗaga, har kwamanda ya faɗa masa da bakinsa. Inna ta ɗinka sababbin kaya, matan layinsu a bariki suka fara tsokanarta da matar hafsa. Da sunaye suka fito babu nasa, sai na wani da bai iya ɗaura bel ba sai Saje ya riƙe masa. Washegari mutumin ya zo ɗakin ɗinki, Saje ya huda masa kafaɗa ya sa masa aninin da hannunsa, ya ƙame ya sara masa, ya dawo gida ya ci abinci bai ce uffan ba. Kayan nan Inna ba ta taɓa sa su ba, kyauta ta yi da su.

"Yini ɗaya dai," in ji Inna. "Su gan shi da su yini ɗaya, su ji kunya."

"Wa zai ji kunyar, Inna? Waɗanda suka hana shi ko zuwa ba za su yi ba. Waɗanda za su zo su ne suka san igiya uku gare shi."

Samanja ta ci gaba, kuma yanzu ba da Auta take ba, ba da tela ba. Ta ce an cuce shi, ta sani, tana makaranta lokacin amma ta ga yadda ya riƙa goge takalmin da ya riga ya goge. Ta ce in da za ta ga mutanen nan yau, sai sun gwammace ba su taɓa sa kaki ba. Amma abu ɗaya da ba su iya ƙwace masa ba shi ne duk wanda ya dubi rigarsa ya karanta gaskiya, daga hula har takalmi. In aka bar taurarin nan, an gama musu aikin, an mayar da shi irin waɗanda yake tarewa a ƙofar kanti. Kuma gobe wani yaro zai tsaya gaban gilashin ya tambaya wane kyaftin ne wannan, babu wanda zai san shi, domin ba a taɓa yin wannan kyaftin ɗin ba. Saje kuwa kowa ya san shi.

Ta kai reza kafaɗar rigar. Inna ta dube ta. Sannan ta tashi, ta ce ta ba ta wuri kafin ta yanka yadin, ba da reza ake cire su ba, ƙarfe ne ke riƙe da su ta ciki. Shekara da shekaru tana kallon ana yi. Ta lalubo da yatsu ba tare da ta duba ba, ta zare su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a faranti. Na ƙarshen ta ɗan riƙe shi a tafin hannu kafin ta sake shi.

Samanja ta zura zare a allura. Inuwar da ke hannun rigar ta nuna mata inda kowace igiya take, ba ta buƙaci awo ba, amma duk da haka sai da ta kara yatsunta daga kafaɗa kamar yadda yake yi. Ɗinkinta na asibiti ne, ƙanana a matse. Inna ta ce da yana nan da ya ce ciwo take ɗinkewa. Da ta gama hannu biyun, Inna ta ce ta sa hannu a aljihun rigar ta miƙo mata aninin, tun ranar suna nan a ƙulle.

"Maɓalli," in ji Samanja, ba ta ko ɗago kai ba.

Inna ta ja gefen mayafinta ta goge ido.

"Na sani, 'yar nan. Tun kafin a haife ki na sani. In ban faɗa ba, mutumin nan sai ya yini a kan keke bai ce mini komai ba."

Washegari ɗakin taron tsofaffin sojoji ya cika, an jera kujerun roba, fanka ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Samanja ta sa Auta ya ɗauko rigar da hannunsa, ya kuma tsaya gaban Kofur ya yi bayani da bakinsa, tana tsaye a bayansa don kada bayanin ya yi gajere. Kofur ya saurara, ya dubi rigar, ya ce shi dai a aikinsa bai taɓa ganin wanda aka ɗaga aka sauke cikin mako ɗaya ba tare da ya yi laifi ba. Tsofaffin suka yi dariya, wasu har da tari. Sannan ya ce gaskiya tun da ya ga hoton bai ji daɗin sarawar da ya yi ba, hannunsa ya saba da igiyoyin. Ya ƙame ya sake sarawa, sauran suka miƙe, masu sanda da marasa sanda.

Hudar da Sai-gobe ya yi ba ta ɓace ba. In ka matsa kusa da gilashin za ka ga ƙananan ramuka uku a kowace kafaɗa, a jere, daidai kamar yadda ya yi alfahari. Kofur ya ce a nemi mai cike su. Samanja ta ce a bar su, duk wanda ya tambaya a gaya masa nan ne wurin abin da aka hana shi. Har yanzu ba ta gama hucewa da Auta ba. Shi ya mayar wa tela da taurarin, aka ce da ya nemi telan ya ba shi haƙuri a kan rikicin, Sai-gobe ya ce ya dawo gobe.